Muhawara: Ta wace hanya za a raba rumbun saƙonnin da ya yi wa tebur guda yawa?

Malam Bashir

Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ke gabana. Ni ne mai kula da rumbun saƙonnin wata ƙungiya wadda mambobinta suka shafe shekaru masu yawa suna muhawara a rubuce, kuma duk abin da aka taɓa rubutawa yana zube a tebur guda cikin MySQL, wato manhajar ajiye bayanai a jerin layuka, kowane saƙo da layinsa. Saƙonnin sun haura miliyan 40, kowanne da lambarsa, da sunan marubucinsa, da lokacin da ya iso, da lambar saƙon da yake mayar wa martani, sannan jikin rubutun. Abin ya kai ga ɗaukar kwafin ajiya yana cinye dare guda, ƙara wa teburin sabon gurbi, wato sabon wurin bayani a kowane layi, yana tsayar da aiki na tsawon sa'o'i, neman kalma kuwa sai mutum ya gaji da jira. Niyyata ita ce in raba teburin shekara-shekara, kowace shekara da ɓangarenta. Kafin in taɓa komai, ina so in ji ta bakin waɗanda suka san wannan aiki.

Injiniya Hauwa

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Koke uku ka kawo, kuma a ganina cututtuka uku ne daban-daban, rabawa ba za ta warkar da su duka ba. Za ta rage maka wahalar kwafin ajiya, wannan babu shakka. Amma game da neman kalma tana iya ƙara dagula lamarin, domin MySQL bai yarda a ɗora fihirisar neman kalma, wadda ake kira FULLTEXT, a kan teburin da aka raba ba. Haka nan bai yarda da mabuɗin da ke ɗaure layin wani tebur da na wani ba idan an raba ɗaya daga cikinsu, wato tsaron da ke hana a shigar da martani ga saƙon da babu shi zai koma wuyan manhajarka.

Game da ƙara gurbi, tun fitowar 8.0.12 a shekarar 2018 MySQL yana iya ƙara gurbi nan take ba tare da ya sake rubuta teburin ba, sai dai bai yin haka ga teburin da ke ɗauke da FULLTEXT. Ka ga ke nan fitar da aikin neman kalma zuwa wani wuri na iya kashe maka matsala biyu kafin a zo maganar rabawa.

Layi miliyan 40 a karan kansa ba abin tsoro ba ne. Abin dubawa shi ne ko fihirisar da ake yawan amfani da ita, wato jerin da ke nuna inda kowane layi yake, tana shiga ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya, ko kuwa kowace tambayar da aka aika wa rumbun sai ta sauka faifai. Ina roƙonka ka kunna rajistar tambayoyi masu jinkiri na wasu kwanaki, ka bi manyansu da EXPLAIN, wato umarnin da ke nuna yadda rumbun ke bin tambaya, ka dawo mana da abin da ka gani. Kuma ka fayyace mana ko rabawar a cikin inji guda kake nufi, ko ɓangarorin za su watsu ne a injuna daban-daban, domin nauyin aikin biyun ba ɗaya ba ne.

Malam Nasiru

Na yarda da Injiniya cewa a auna tukuna, amma ina tare da Malam Bashir a kan rabon shekara. Saƙo abu ne da ake rubutawa sau ɗaya, ya tsufa, a daina waiwayarsa sai jefi-jefi. Idan aka raba bisa shekara, ɓangaren bana ne kaɗai ke karɓar sabon rubutu, shi ne ƙarami, shi ne fihirisarsa za ta zauna a ƙwaƙwalwa. Na shekarun baya a ɗauki kwafinsu sau ɗaya, a tabbatar da ingancinsa, a rufe su, kwafin kowane dare ya tsaya a kan na bana. Idan wata rana aka ga dacewar mayar da tsofaffin shekaru kan faifai mai jinkiri, cire ɓangare guda aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, alhali share layi miliyoyi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure teburin yana kuma barin ramuka a cikinsa. Tsari ne da duk wanda zai gaji aikin nan gobe zai fahimta da kallo ɗaya, kuma wannan ma abin la'akari ne.

Dokta Aminu

Malam Nasiru, duk abin da ka faɗa daidai ne idan rajistar ciniki ko ta shige da fice ake magana, inda kowane layi ke tsaye da ƙafarsa. Saƙon muhawara ba ya tsayawa shi kaɗai. Wani ya yi tambaya ranar 30 ga Disamba, aka ba shi amsa biyu kafin shekara ta ƙare, sauran martanin, har da wanda ya warware matsalar, suka zo a Janairu da Fabrairu. Idan ka raba bisa lokacin da kowane saƙo ya iso, tambayar tana ɓangare ɗaya, amsarta tana wani. Muddin ɓangarorin biyu suna inji guda, mai karatu ba zai lura ba. Amma ranar da ka cire tsohuwar shekarar ka kai ta ma'ajiya, kamar yadda kake ba da shawara, za a wayi gari da amsoshin da ba a san me suke amsawa ba. Mai raba littafi juzu'i-juzu'i a ƙarshen babi yake yankawa, ba ya ƙirga shafi ɗari ya sa wuƙa a tsakiyar jimla.

Akwai kuma matsala ta biyu da ba a cika hangowa ba sai an fara aikin. A MySQL, haka ma a takwaransa PostgreSQL, duk mabuɗin da ke tabbatar da cewa layi bai maimaitu ba dole ne ya ƙunshi gurbin da aka yi rabon da shi. Ma'ana, lambar saƙo ita kaɗai ba za ta ci gaba da zama babban mabuɗi ba, sai an haɗa ta da lokaci. Daga nan rumbun ba zai iya ba ka tabbacin cewa lamba ɗaya ba ta fito a shekaru biyu ba. Sannan duk wanda ya zo da lambar saƙo kaɗai, ba tare da kwanan wata ba, kamar mai bin tsohon adireshin da aka ajiye shekaru da suka wuce, sai an leƙa fihirisar kowane ɓangare kafin a samo masa abin da yake nema.

Shawarata ita ce a ƙara wa kowane saƙo gurbi guda da ke ɗauke da ranar da aka buɗe maudu'insa, a yi rabon da wannan gurbi. Zare guda ya zauna wuri guda, tun daga tambayar farko har martanin ƙarshe.

Malam Nasiru

Allah ya ƙara wa Dokta lafiya, na fahimce ku, kuma misalin Disamba ya shige ni. Sai dai ku duba abin da tsarinku zai jawo. Idan maudu'in da aka buɗe shekaru biyar da suka wuce wani ya tono shi yau ya yi martani, wannan martani zai faɗa tsohon ɓangare. Ke nan babu ɓangaren da za a ce an rufe shi har abada, kuma ribar da na ambata ta ɗaukar kwafi sau ɗaya ta tafi. Bayan haka, tambayar da aka fi yi wa kowane rumbun saƙonni ita ce a nuna sababbin saƙonni hamsin na ƙarshe. A tsarina wannan tambaya ɓangare guda take taɓawa, a naku kuwa sai ta zagaya dukkansu, domin sabon saƙo yana iya kasancewa ko'ina.

Yusuf

Ina gaida malamaina. Ni ɗalibi ne, ina da tambaya idan an ba ni dama. Me zai hana a bar maganar lokaci gaba ɗaya, a raba lambar maudu'i da adadin ɓangarorin, abin da ya yi saura ya nuna inda zaren zai zauna? Ta haka zare ba zai tsinke ba, kuma nauyi zai rabu daidai wa daida.

Injiniya Hauwa

Tambayarka tana kan hanya, Yusuf, kuma hanyar sananniya ce, MySQL yana da ita, PostgreSQL ma ya samar da ita a fitowa ta 11 a shekarar 2018, shekara guda bayan ya kawo rabon zango, irin na shekara-shekara, da na jeri a fitowa ta 10. Amma ka ɗauki takarda ka gwada wannan lissafi. Ka rubuta lambobi daga 0 zuwa 19, ka raba kowacce da 4 ka ajiye saura, ka sake raba ta da 5 ka ajiye saura. Za ka ga lambobi huɗu ne kaɗai, daga 0 zuwa 3, saurarsu bai canza ba. Wato ranar da ɓangarori huɗu suka yi maka kaɗan ka ƙara na biyar, kashi 80 cikin 100 na zaruruwan sai sun yi ƙaura.

Maganin da aka sani shi ne a yanka ƙananan ɓangarori masu yawa tun farko, a riƙa jera su a kan injuna kaɗan, idan an sami sabon inji a ɗauki wasu ɗungurungum a kai can. Instagram ya yi haka a farkon tasowarsa, da dubban ƙananan ɓangarori cikin PostgreSQL a kan injuna 'yan kaɗan. To amma wannan magani ne na wanda rubutu ya yi wa inji guda yawa. Malam Bashir bai ce haka ba. Damuwarsa tsohon kaya ne da ya danne sabo, kuma rabon saura yana cakuɗa tsoho da sabo a kowane ɓangare, don haka babu wanda zai ƙanƙance, babu wanda za a rufe.

Malam Nasiru

Tun da an kawo misalin manya, bari in kawo wanda ya fi kusa da batunmu. Dandalin hira na Discord ya fara ajiye saƙonni a manhajar ajiye bayanai ta MongoDB, da suka kai miliyan 100 a ƙarshen 2015 bayanan da fihirisarsu suka daina shiga ƙwaƙwalwa, aiki ya fara tafiyar hawainiya, sai suka koma wata manhajar mai suna Cassandra. Mabuɗin rabon da suka zaɓa shi ne lambar zaure haɗe da wani zango na lokaci mai kimanin kwana 10. Ga kamfanin da saƙonninsa suka kai tiriliyoyi daga baya, har ya sake ƙaura zuwa ScyllaDB, kuma lokacin isowar saƙo yana cikin mabuɗinsa.

Dokta Aminu

Misalin gaskiya ne, amma ka lura da abin da suka sa a gaba: lambar zaure ce ta farko, lokaci ya biyo baya. Sun fara tara abin da ake karantawa tare, sannan suka yanka shi don kada ya kumbura. Kuma hirar Discord hira ce mai gudana, mai buɗe zaure saƙonnin ƙarshe yake so, ba safai yake komawa farkon zancen ba, don sau da yawa zancen ba shi da farko. Rumbun Malam Bashir na muhawara ne, inda wanda ya zo bayan shekara goma yake so ya karanta daga tambaya zuwa hukunci. Darasin da na ɗauka daga wurinsu shi ne mabuɗin rabo ya bi yadda mutane ke karatu, kuma masu karatunmu ba irin nasu ba ne.

Abin da zan so a aro daga gare su shi ne tsarin lambar saƙo da Twitter ya fito da shi a 2010 mai suna Snowflake, inda lamba mai bit 64, wato jerin sifili da ɗaya guda 64, take ɗauke da lokacin da aka ƙirƙire ta a cikin bit 41. Idan lambar maudu'i ta kasance haka, da ganinta an san ɓangarenta. Wannan zai yi amfani ga sababbin zaruruwa. Tsofaffin lambobi kuwa kada a kuskura a canza su, domin an riga an ambace su a cikin dubban saƙonni. A yi wa duk saƙonni, tsoho da sabo, siririn tebur mai gurbi biyu ko uku, lambar saƙo da lambar maudu'insa da ranar buɗe shi, wanda ba a raba ba. Shi zai riƙe tabbacin rashin maimaici, shi zai nuna hanya.

Game da saƙonni hamsin na ƙarshe, Malam Nasiru, wannan siririn tebur ya isa ya amsa, tun da lambobin suna hawa ne bi da bi.

Malama Zainab

Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina so in ja hankali ga ranar kwashe kayan, domin a nan ne rumbuna ke lalacewa ba tare da kowa ya ji ƙara ba, ko wane tsarin rabo aka zaɓa.

Malam Bashir, don Allah ka duba da wane tsarin haruffa aka ƙirƙiri gurbin jikin rubutu. Tsofaffin tebura da yawa an yi su ne da tsarin latin1, mai ɗaukar kowane bayit (ma'aunin girman bayani) a matsayin harafi guda, manhaja kuma tana tura musu rubutu a tsarin UTF-8, abin yana fita daidai a allo saboda yadda ya shiga haka yake fitowa. Harafin ƙ bayit biyu ne a UTF-8. Idan aka umarci MySQL ya juya irin wannan gurbi kai tsaye zuwa utf8mb4, wato cikakken UTF-8 na MySQL, zai ɗauki bayit biyun a matsayin haruffa biyu, sai kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, haka ɗ da ɓ da duk rubutun ajami ko Larabci da ke ciki. Hanyar da ta dace ita ce a fara mayar da gurbin zuwa zallar bayit, sannan a sanar da shi cewa utf8mb4 ne. Kuma utf8mb4 ɗin nake nufi, domin tsohon utf8 na MySQL bayit uku ne iyakarsa, ba ya ɗaukar alamomin fuska masu bayit huɗu. Idan ma an taɓa gyara wani sashe a baya, za ka iya tarar da tebur guda mai ɗauke da rubutu iri biyu, wanda sai an tantance shi layi-layi.

Haka nan kada a yanka fayil ɗin kwafi bisa girman bayit don ya yi sauƙin ɗauka sannan a loda gutsattsarin daban-daban, domin wuƙar tana iya faɗawa tsakiyar saƙo, har ma tsakiyar harafi. Sai batun agogo: a tabbatar duk lokutan suna kan UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, kafin a ja iyakar shekara, in ba haka ba saƙon daren 31 ga Disamba zai faɗa wannan ɓangare ko wancan gwargwadon agogon injin da ya yi aikin.

Bayan kwashewa, jimillar layuka kaɗai ba ta isa shaida ba. A ƙirga na kowane wata a tsohon tebur da sabo, a kwatanta tambarin SHA-256 na jikin saƙonnin, wato lambar da ke canzawa idan rubutu ya canza ko da harafi ɗaya, a kuma nemo duk martanin da saƙon da yake amsawa ba ya cikin ɓangarensa.

Malam Bashir

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Injiniya na kunna rajistar, ga abin da ya bayyana. Tambayoyin da suka fi jinkiri na neman kalma ne, sai masu tattaro duk saƙonnin mutum guda. Buɗe zare ba ya jinkiri sosai sai idan tsoho ne. Fihirisar ta fi ƙwaƙwalwar injin girma nesa ba kusa ba, kuma mafi yawanta ta neman kalma ce. Inji guda nake nufi, ba ni da niyyar watsa ɓangarorin. Na kuma duba yadda zaruruwan ke rayuwa: galibinsu suna mutuwa cikin 'yan makonni, amma akwai 'yan kaɗan da ake komawa gare su shekara da shekaru, kuma su ne mambobi suka fi ji da su. Malama Zainab, gurbin latin1 ne kamar yadda kika yi hasashe.

Zuciyata ta karkata ga tsarin Dokta. Abin da ya rage mini shi ne tattaro saƙonnin mutum guda, domin akan sami wanda zai nemi a ba shi duk abin da ya rubuta, ko a cire shi.

Injiniya Hauwa

To, abin da ka gano ya sauya jerin aikin. Ka fara fitar da neman kalma zuwa manhajar da aka gina don shi, irin su Elasticsearch ko Solr, wadda za ta riƙe fihirisa guda ta dukkan shekaru ta riƙa dawo maka da lambobin saƙo. Ka sauke FULLTEXT daga teburin, ka sake aunawa. Mai yiwuwa ne ka tarar da sauran fihirisar ta shiga ƙwaƙwalwa, rabawar ta zama don sauƙin kwafin ajiya kawai, ka yi ta a tsanake.

Tambayar marubuci kuwa ba ta da alaƙa da ranar buɗe maudu'i, don haka za ta ziyarci kowane ɓangare. Ɓangarori goma sha ba za su gagara ba, amma wannan dalili ne na kada a ruɗu da cewa MySQL yana karɓar har 8192 a yanka wata-wata ko mako-mako. Ka ƙara lambar marubuci a siririn teburin da Dokta ya ambata, ka ɗora mata fihirisa, tambayar ta fara daga can.

Wajen kwashewa, ka gina sabon teburin a gefe, manhaja ta riƙa rubuta sabon saƙo a wuri biyu, kai kuma kana kwashe tsofaffi zare-zare a ƙananan rukunai da za a iya tsayarwa a ci gaba. Kada ka manta da ɓangaren ƙarshe mai karɓar duk abin da ya wuce iyakar da ka ja, domin idan sabuwar shekara ta kama babu ɓangarenta, rumbun zai ƙi karɓar saƙo. Tsohon teburin ya zauna a kulle, ana karantawa ba a rubutawa, har sai gwaje-gwajen Malama Zainab sun fito tsaf.

Malam Nasiru

Na sauko daga rabon ranar isowa, tun da zaruruwan da ke daɗewa su ne masu daraja a wurin mambobi. Amma har yanzu ina nan a kan cewa a sami ranar da za a ce ɓangare ya rufu. A sa doka cewa zaren da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba an kulle shi, mai son ci gaba ya buɗe sabo da ke nuni zuwa tsohon.

Dokta Aminu

Wannan hukunci ne a kan yadda mutane za su yi muhawararsu, kuma ba na ganin mai kula da rumbu ne ya kamata ya yanke shi don sauƙin kwafinsa. A kai wa shugabannin ƙungiyar su duba. Ta fuskar aiki akwai mafita: a riƙa ajiye lokacin rubutu na ƙarshe na kowane ɓangare, wanda aka taɓa a sake ɗaukar kwafinsa a daren, wanda ba a taɓa ba a bar shi. Tun da tono tsohon zare ba kullum ba ne, yawancin darare ɓangare ɗaya ko biyu ne za su motsa.

Malama Zainab

Akwai abu ɗaya game da cire saƙonnin wanda ya nema, Malam Bashir. Idan saƙonsa ne ya buɗe zare, ko wasu sun yi masa martani, kada a share layin gaba ɗaya. A goge jikin rubutun da sunan, a bar lambar da ranar da alamar cewa an cire, don martanin da ke rataye da shi su san inda suke. Sannan a tuna cewa rubutun yana nan a manhajar neman kalma da kuma tsofaffin kwafin ajiya. Na farkon a goge shi nan take. Na biyun kuwa a ajiye jerin lambobin da aka cire a wuri na dabam, ta yadda duk ranar da aka dawo da wani ɓangare daga kwafi za a sake bin jerin a kansa kafin a buɗe wa masu karatu.

Malam Bashir

Na rubuta wannan a cikin tsarin aikin. Zan fara da gyaran haruffa a kan kwafin gwaji, in ɗauki zaruruwan shekarar farko in ga ko rubutun iri ɗaya ne ko gauraye. Malama Zainab, idan na tarar da layukan da aka riga aka juya sau biyu, zan kawo samfurinsu nan mu duba tare kafin in ci gaba.